Matsar da Taga ko Matsar da Kyamara: Wace Hanya Ta Dace da Na'urar Awonka?

Kyamarar da aka ɗaura wa na'urar awo, ɗan yanki kaɗan ake nema a hotonta: wuyan kwalba a layin cikawa, allon lambobin mitar wuta da ake gwadawa, ko tsagar da ke buɗewa a jikin kankare yayin da inji ke danna shi. Sauran hoton kaya ne kawai da kebul zai yi dakonsa. Shi kuma mai awon sau da yawa ba ya kusa. Yana wani ɗaki, ko ma manhaja ce ke aikin da tsakar dare babu kowa a wurin. To dole a samu yadda za a ce wa kyamara "dubi nan" daga nesa, kuma a tabbata nan ɗin ta duba.

Wannan tabbacin shi ne ma'aunin da nake gwada hanyoyin da shi. Kowace hanya tana iya aika umarni. Wadda za ta faɗa maka inda tagar, wato yankin hoton da ake nema, ta tsaya da gaske, da kuma lokacin da ta tsaya, ita ce ta aikin awo.

Mafi sauƙi ita ce kada ka ce wa kyamarar komai. Ta turo cikakken hoto, kwamfuta ta yanke wurin da take so. Mutane na raina wannan hanyar, alhali tana da wani alheri da sauran ba su da shi: cikakken hoton yana ajiye. Ranar da aka yi gardama kan wani sakamako, sai a koma a duba ko kwalbar ce ta karkace ko wani ne ya gifta da hannu. Sauya wurin taga kuma lissafi ne kawai a ƙwaƙwalwar kwamfuta, babu jira, babu hoton da zai zo rabi a tsohon wuri rabi a sabo.

Tsadarta a kan kebul take. Ɗauki kyamara mai farantin ɗaukar haske na Sony IMX264, mai fiksel, wato ɗigon hoto, 2448 a faɗi da 2048 a tsayi. Idan kowane fiksel bayit ɗaya ne, hoto guda ya ɗan haura bayit miliyan 5. Kebul ɗin gigabit a aikace yana ɗaukar wajen megabayit 115 a daƙiƙa, ka ga hoto 23 ke nan a daƙiƙa, daga nan ba ƙari. Ga allon mita da lambarsa ke sauyawa sau ɗaya a daƙiƙa, wannan ya isa har ya yi yawa. Ga layin da kwalabe ke wucewa kamar ruwan sama, ko kyamarori huɗu da suka haɗu a kebul guda, ba zai kai ba.

Masu aiki da ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi su lura da abu ɗaya a nan. Zaɓin da ake kira ScalerCrop, ko --roi a layin umarni mai karɓar lambobi daga 0 zuwa 1, bayan an karanto farantin yake yanke hoton, sannan ya miƙa yankin ya cika girman da ka nema. Farantin bai rage aikinsa ba, saboda haka saurin ɗauka bai ƙaru ba, kuma girman fiksel a milimita ya sauya tunda an miƙe hoton. Wanda ya yi saitin ma'auninsa, wato lissafin milimita nawa ne a fiksel guda, kafin ya yanke, ya sake lissafi.

Hanya ta biyu ita ce a buɗe tagar a cikin farantin kansa, kuma a nan zan daɗe, domin ita nake zaɓa a yawancin ayyuka, ita ce kuma ta fi cizon mutum ba tare da ya ji ba.

Kusan duk kyamarorin masana'antu na yau suna bin ƙa'idar GenICam, wadda ƙungiyar EMVA ta Turai ta fitar a 2006. Dabarar mai kyau ce. Kowace kyamara tana ɗauke da wani fayil na XML a cikinta da ke bayyana abubuwan da ake iya saitawa, da iyakar kowanne, da inda yake a ƙwaƙwalwarta. Manhajarka ta karanta fayil ɗin, ta kira abu da sunansa. Sunayen kuma an daidaita su, saboda haka ko ta GigE Vision, ƙa'idar kebul ɗin gigabit, aka haɗa kyamarar, wadda ita ma ta fito a 2006, ko ta USB3 Vision ta 2013, lambobi huɗu ne ke riƙe da tagar: Width da Height su ne faɗi da tsayi, OffsetX da OffsetY su ne nisan kusurwar tagar ta sama a hagu daga kusurwar farantin. Babu abin da ke motsi, babu abin da ke sassautawa. Fiksel na 800 yau shi ne fiksel na 800 baɗi, muddin ba a taɓa maƙalin kyamarar ba.

Ribar sauri a tsayi take. Farantin CMOS, irin wancan na Sony, layi-layi ake karanto shi, don haka rage yawan layuka ne ke rage lokacin karatu. A yawancin faranti, rage faɗi kebul kawai yake sauƙaƙa wa. Idan ka mai da tsayin waccan kyamara daga layi 2048 zuwa 256, hoton ya dawo bayit dubu 627 ko kusa da haka, kebul ɗin da ya cije a 23 yanzu zai iya ɗaukar sama da 180 a daƙiƙa, idan farantin da tsawon lokacin shigar haske sun yarda. Saboda haka tun wajen ɗaura kyamara a juya ta yadda dogon gefen abin da ake aunawa zai kwanta tare da layukan faranti. Na ga an sayi kyamara mai tsada don neman sauri, alhali juya ta farko a tsaye ya wadatar.

Yanzu ga tarkunan. Na farko shi ne jeri. OffsetX da Width idan an haɗa su ba za su wuce faɗin faranti ba, kuma kyamarar tana duba wannan a kowane umarni ɗaya. Idan faɗin yana cike ka ce ta matsa, za ta ƙi. Sai ka fara rage faɗi sannan ka matsa. Idan kuma faɗaɗawa za ka yi, ka fara dawo da matsawar baya. Hanyar da ba ta ba da kunya ita ce a mai da OffsetX da OffsetY sifiri, a saita faɗi da tsayi, sannan a matsa.

Na biyu shi ne taki. Kyamara ba ta karɓar kowace lamba. Wata taki huɗu-huɗu take yi, wata takwas-takwas, wata sha shida. A wani aiki da na taɓa yi, muna auna wurin da rami ya faɗa a jikin ƙaramin ƙarfe. Faɗin abin da kyamarar ke gani milimita 100 ne a kan fiksel 2448, wato kowane fiksel wajen milimita 0.041. Na rubuta a matsar da taga zuwa 1001. Manhajar da ke tsakanina da kyamarar ba ta yi ƙorafi ba, ta dai mai da lambar 992 a ɓoye, domin takin sha shida-sha shida ne. Ni kuma a lissafina ina ƙara 1001. Fiksel 9 ke nan, sama da sulusin milimita. Kwana biyu muna watsar da kaya masu kyau, har sai da wani dattijon makaniki ya ɗauki ƙarfe ɗaya daga kwandon da aka ƙi, ya sa masa kalifa, ma'aunin hannu, ya miƙo min ya ce, "Injiniya, wannan fa lafiyarsa ƙalau, injinka ne ke da magana." Tun daga ranar ban sake rubuta lamba ban karanto ta ba. Abin da kyamara ta amsa shi ke shiga lissafi, ba abin da na aika ba.

Idan kyamarar mai launi ce, akwai ƙarin dalilin taki. Fuskar farantin tana da shimfiɗar matatun launi irin ta Bayer, ja da kore a layi ɗaya, kore da shuɗi a na gaba. Matsawa da lamba mara, wato wadda ba ta rabuwa biyu daidai, ta sauya launin da ya zo farko, manhajar da ba ta sani ba ta mai da ja kore. Shi ya sa kyamarori masu launi da yawa ba sa karɓar mara tun farko.

Na uku shi ne lokaci, kuma shi ya fi wuyar kamawa. Yayin da kyamara ke kan ɗauka, faɗi da tsayi a kulle suke, tunda sauya su zai sauya girman wurin da kwamfuta ta ware wa kowane hoto. Sai an tsayar da ɗauka, a sauya, a sake tashi. OffsetX da OffsetY kuwa kyamarori da yawa suna barin a taɓa su ana cikin aiki. Amma wane hoto ne na farko da ya zo da sabon wurin? Akwai hotuna a kan hanya, akwai waɗanda ke layi a ƙwaƙwalwar kwamfuta. A GigE Vision, umarni ta wata hanya yake bi, ƙofa mai lamba 3956 a UDP, wani tsarin aika saƙo a cibiyar sadarwa, hotuna kuma ta wata. Maganin yana nan a cikin ƙa'idar: ƙunshin farko na kowane hoto yana ɗauke da faɗinsa da tsayinsa da matsawarsa, kuma kyamarori da yawa suna iya manna irin wannan bayani a jikin hoton idan ka kunna ChunkModeActive. Ka yarda da abin da ke jikin hoton. Jiran "rabin daƙiƙa don ta zauna" caca ce, wata rana cibiyar sadarwar za ta cunkushe.

Sai maganar saitin ma'auni. Duk wanda ya gyara lanƙwasar da ruwan tabarau ke yi wa hoto, da manhajar OpenCV ko da wani abu, ya san lissafin yana da cibiya, wato fiksel ɗin da tsakiyar ruwan tabarau ta faɗa. Ka buɗe taga, cibiyar ta matsa: sai ka cire OffsetX da OffsetY daga lambobinta. Idan ka manta, awo a tsakiyar faranti zai yi kama da daidai, a gefe kuma ya kauce. Haka nan idan ka kunna haɗa fiksel biyu-biyu don ƙarin haske, duk lambobin tagar sun koma sabon ma'auni, 800 ta dā ta zama 400.

A wurin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, akwai abin da ba a wasa da shi. Kyamara idan ta farka, saitin da aka ajiye mata na farawa take komawa, sau da yawa cikakken hoto. Ko dai ka adana tagar da UserSetSave ka kuma naɗa wannan saitin a matsayin na farawa, ko kuma manhajarka ta sake rubuta komai duk lokacin da ta ga kyamarar ta ɓace ta dawo. Ni biyun nake yi.

Iyakar wannan hanyar a fili take: taga ba ta fita daga faranti. Abin da ruwan tabarau bai hango ba, babu lambar da za ta kawo shi. Idan kuma ka ja da baya don komai ya shiga, kowane fiksel ya ƙara girma, awon ya rage kaifi. A nan ne ake fara tunanin motsa kyamarar da kanta, kuma motsi iri biyu ne da bai kamata a haɗa su a kwando ɗaya ba.

Kai mai juyawa, irin na kyamarar tsaro, shi ke fara zuwa wa mutane a rai saboda yana ko'ina a kasuwa. Harsunan da ake ba shi umarni da su uku ne sanannu. Pelco-D tsoho ne, a kan waya ta RS-485 yake tafiya, wadda ke kaiwa wajen mita 1200, saƙonsa bayit 7 ne kacal. Asalinsa na mai gadi ne da ke riƙe da sandar juyawa: juya hagu da gudu kaza, tsaya. Yana da wuraren da ake adanawa a koma musu da lamba, wasu na'urorin kuma suna amsa tambayar ina suke, amma ba duka ba. VISCA na Sony ya fi tarbiyya: idan ka aika umarni yana amsawa sau biyu, ta farko cewa ya ji, ta biyu cewa ya gama, kuma ana iya tambayarsa wurin da ya tsaya. ONVIF, da Axis da Bosch da Sony suka kafa a 2008, ta cibiyar sadarwa yake bi, yana da AbsoluteMove na zuwa takamaiman wuri da lambobi daga -1 zuwa 1, da GetStatus mai faɗin ko tana motsi ko ta tsaya. Sai dai tambarin ONVIF a jikin kwali ba ya nufin kyamarar tana yin duk waɗannan.

Ko da harshen ya yi kyau, lissafin kwana ba ya sassauci. Kuskuren digiri 0.1 a nisan mita 10 milimita 17 ne da ɗoriya. A mita 2 ma milimita 3.5 ne. Ga haƙoran giya da ke da ɗan sako-sako, ta yadda zuwa wuri daga hagu da zuwa gare shi daga dama ba sa ƙarewa a aya ɗaya. Ga kuma karkata: da zarar kyamara ta dubi abu a gicciye, da'ira ta zama kamar ƙwai, milimitar gefen nan ba ta kai ta gefen can ba. Kyamarorin tsaro kuma matse hoto suke yi da H.264 ko makamancinsa, wanda ke goge kaifin gefuna, alhali gefen nan shi ake aunawa. Idan aikin karanta agogon matsin tukunya ne, ko duba ma'aunin ruwa a tankuna shida da ke warwatse a fili, kai mai juyawa ya dace, domin allura ko lamba kawai ake son gani. Idan tsawo za a auna da shi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda dole ta sa shi, ya manna alama sananniya kusa da kowane wurin awo, manhaja ta fara nemo alamar a hoto sannan ta auna daga gare ta.

Teburi mai zamewa dabam ne. Kyamarar tana kallon ƙasa a miƙe kullum, ita ko abin da ake aunawa ke zamewa gaba da gefe. Nisa bai sauya ba, kwana bai sauya ba, girman fiksel yana nan. Haka madubin ƙara girma na ɗakin bincike ke yawo a kan samfur, haka ake duba babban allon lantarki gaɓa-gaɓa. Masu ƙaramin ƙarfi suna haɗa nasu da moto mai taki 200 a zagaye da sanda mai zare da ke tafiyar milimita 8 a kowane juyi, wato milimita 0.04 a taki guda, su tuƙa shi da G-code, harshen umarnin injuna, ta manhajar GRBL. G90 na nufin lambobin daga tushe ake ƙirga su, G91 kuma daga inda ake. Don awo, G90. Umarnin "ƙara kaɗan daga nan" tara kuskure yake yi.

Tarkon GRBL shi ne kalmar ok. Idan ya amsa ok, cewa yake ya karɓi umarnin ya sa a layi, ba wai ya iso ba. Sai ka aika alamar tambaya, ka ga ya ce Idle, sannan ka ɗan jira rawar ƙarfen ta kwanta kafin ka ɗauka. Wurin da yake faɗa maka ma ƙirgen takin da ya aika wa moto ne. Idan ƙurar hunturu ta cika layin dogon, moto ya tsallake taki, shi bai sani ba. Teburin da ke da ma'aunin kansa a jikin layin, mai karanto ainihin wurin, shi ne na gaske, kuɗinsa kuma ya nuna haka. Wanda ba shi da shi ya riƙa komawa tushe akai-akai, ya kuma riƙa isa kowane wuri ta gefe ɗaya.

Akwai yanayi na dabam da zaɓin ba a hannunka yake ba: kyamarar tana cikin na'urar da aka saya a haɗe, ba ka magana da ita kai tsaye. A nan sau da yawa SCPI za ka tarar, harshen na'urorin gwaji da ya fito a 1990, an gina shi a kan IEEE 488.2 ta 1987, wadda asalinta ke komawa ga kebul ɗin da Hewlett-Packard ta ƙirƙiro aka mai da shi ƙa'ida a 1975. Umarninsa rubutu ne da mutum ke iya karantawa, kalmomi a jere da digo biyu a tsakani, kuma yau ta cibiyar sadarwa ake yawan aika shi, a ƙofa ta 5025. Kalmomin da suka shafi tagar kyamara kowane kamfani da nasa, sai ka buɗe littafin na'urar. Abin da ya sa nake girmama shi ɗabi'u uku ne: ka ƙara alamar tambaya a ƙarshen umarnin saiti ya faɗa maka abin da ke ciki, *OPC? ba ya amsa 1 sai aikin da aka ba shi ya kammala, SYST:ERR? kuma yana fito da kurakuran da suka taru. Na ƙarshen nan wajibi ne, domin na'urar SCPI idan ta ƙi umarni shiru take yi, ta ajiye ƙorafinta a layi har sai an tambaya.

A irin waɗannan na'urori a tantance wace taga ake magana. Wata ita ce yankin da ake ɗauka, wata kuma akwatin da ake lissafi a cikinsa, kamar a kyamarar auna zafi inda ake zana murabba'i a ce ta ba da mafi zafi ko matsakaici. Matsar da akwatin bai taɓa hoton ba. A duba kuma ma'aunin lambobin, fiksel ne, ko kaso cikin ɗari, ko milimita, da kusurwar da ake fara ƙirga.

To wace za a ɗauka? Idan duk abin da kake aunawa ya shiga hoto ɗaya da kaifin da kake buƙata, kuma ba gudu ake ba, yanke a kwamfuta ka huta. Idan kebul ya cika ko sauri ake nema, buɗe taga a faranti. GigE idan kwamfutar na nesa, tunda kebul ɗinsa na kaiwa mita 100 kuma yana iya ɗaukar wutar kyamarar, USB3 idan tana nan kusa cikin 'yan mitoci kana son hotuna ninki uku na GigE. Kafin ka sayi moto, yi lissafin kuɗin kyamara mai fiksel da yawa, ko ma kyamara ta biyu a tsaye. Sau da yawa sun fi teburi mai kyau araha, kuma ba a shafa musu girisi. Teburi mai zamewa sai idan abin ya fi ƙarfin wannan.

Kowace ka zaɓa, kada ka biya kuɗin ƙarshe sai ka yi mata gwajin rabin awa. Kwantar da rula ta ƙarfe a wurin awo. Aika tagar wuri na ɗaya, sannan na biyu, ka dawo na ɗaya, sau ashirin, wani zuwan daga hagu wani daga dama, kana adana hoton farko da ya zo bayan kowane umarni tare da lambar da na'urar ta amsa. Jera hotunan ka ga ko layin milimita 50 yana faɗawa a fiksel ɗaya. Sannan aika mata lambar da ta wuce iyaka da gangan, ka ga ko za ta yi magana. Daga ƙarshe zare mata wuta ana tsakiyar ɗauka, ka mayar, ka tambaye ta ina tagarta.